Bazara Ta Shigo, A Kai Wa Tsoho Ruwa Tun Bai Roƙa Ba



Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda bazara take sallama. Hazo ya washe, iskar da ke fasa leɓe ta kwanta, mangwaro ya fara cika kasuwa, sai wata rana da hantsi ka ɗauki butar da aka bari a tsakar gida ka ji ruwan cikinta kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan shuka, a Sakkwato da Birnin Kebbi da Nguru da Maiduguri, haka a Yamai da Tawa da Damagaram, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kwana da kwanaki a jere, daren ma ba ya kawo sauƙin kirki. Mun saba da hakan har ya shiga gaisuwarmu. A ce maka, “Yaya zafi?” ka ce, “Lokacinsa ne.” To, lokacinsa ne kam. Sai dai a cikin gidajenmu akwai mutanen da wannan lokaci yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, a yi musu sutura a kai su makwanci, a dawo zaman makoki ana cewa “tsufa ne” ko “dama jikin ya daɗe da ƙi”, ba mai kawo zancen zafi. Iyayenmu da kakanninmu nake nufi. Ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma Wanda ya yanka ajalin Shi ne ya ɗora mana kula da su, kuma zai tambaye mu yadda muka yi.

Ni kaina sai da na kusa rasa Gwaggona kafin na farga. Yayar mahaifina ce, ta haura tamanin, tana zaune a wani ɗaki can ƙuryar gidanmu, rufin kwano ba silin, taga ɗaya 'yar ƙarama da aka toshe da kwali tun lokacin ɗari aka manta ba a cire ba. Wata Asabar cikin Afrilu, bayan azahar, matar ƙanena ta leƙa ta tarar da ita tana hira da mutanen da suka daɗe a ƙasa, tana kiran jikokinta da sunayen ƙannenta. Jikinta zafi zau, amma ko ɗigon gumi babu. Gida ya ruɗe. Wata ta ce iska ce, aka kawo garwashi a kasko aka zuba turare a ɗakin da dama da ƙyar ake numfashi a cikinsa. Wata ta ce zazzaɓi ne, a lulluɓe ta ta yi gumi, aka jawo bargo. Allah ya taimake mu da wata maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, da ta ji hayaniya ta shigo. Ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta ce a fitar da kaskon, ta yaye bargon, ta sa aka ɗauko Gwaggo zuwa gindin darbejiya, ta jiƙa zane sharkaf ta rufa mata, ta miƙa wa yara biyu mafici. Sannan ta juyo ta ce da ni, “Malam, yau ruwa nawa ta sha?” Muka dubi juna. Gida mai mutum goma sha, ba wanda ya sani. Kofin silbar da aka kai mata da safe yana nan a gindin gado, ko rabi ba a sha ba. “Yaushe rabonta da fitsari?” Nan ma shiru. A asibiti sai da aka ƙara mata ruwa leda uku kafin ta gane ni. Da na ce mata, “Gwaggo, me ya hana ki ce a kawo miki ruwa?” sai ta ce, “Ɗan nan, ai ban ji ƙishi ba.”

Kuma gaskiya ta faɗa. Wannan ita ce maganar da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran: tsoho ba ya jin ƙishi yadda yaro yake ji. Likitoci sun daɗe da sanin cewa idan shekaru suka ja, abin da ke sanar da mutum ruwan jikinsa ya ragu yakan yi rauni. Saurayi ya yi awa biyu a rana, maƙogwaronsa da kansa zai kai shi bakin randa. Tsoho kuwa zai wuni jikinsa yana bushewa bai sani ba. Ga shi dama ajiyar ta yi ƙasa, domin jikin namiji matashi kusan kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, a tsufa yakan sauko wajen kashi 50. Ƙodar da a da take tsimin ruwa idan an shiga matsi, yanzu sakinsa take yi. Gumi, wanda shi ne hanyar da Allah ya yi wa jiki ta hucewa, yakan makara kuma ya ragu. Ita kuwa zuciya aiki ne ya ƙaru mata, don a lokacin zafi dole ta riƙa tura jini mai yawa zuwa fata ya huce. Zuciyar da ta shekara saba'in tana bugawa, wataƙila ga hawan jini ga ciwon sukari, ita ake ɗora wa wannan kaya. Shi ya sa tsofaffin da zafi ke kashewa galibinsu a ɗaki suke, a kan gado, kuma abin da ake gani shi ne ciwon zuciya ya tashi, ko ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta tsaya. Zafin ya yi ɓarnarsa ya laɓe a bayan wata cuta.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A farkon Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, wani irin zafi ya sauka a yankin Sahel. Ranar 3 ga watan, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. A Bamako, asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mamata 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata, watan gaba ɗaya, 130 aka samu. Da yawansu sun haura shekara 60, kuma abin ya haɗu da yawan ɗauke wutar lantarki. Masana yanayi da suka bi diddigin lamarin sun ce ɗumamar duniya ce ta kai zafin wannan matsayi. Asibiti ɗaya ke nan, a birni ɗaya, inda ake rubutawa. Mu da muke rufe mamacinmu kafin rana ta faɗi, ba takarda ba bincike, wa ya ƙirga namu? Don haka idan Baba ya ce, “Ku ƙyale ni, mun ga bazarar da ta fi wannan,” a gaya masa cikin ladabi cewa garin da ya gan ta a ciki yana da itatuwa, ɗakin da ya kwana na ƙasa ne, jikin da ya jure ta kuma na ɗan shekara talatin ne.

To me za a yi? Na farko, a daina barin ruwan tsoho a hannun kowa, domin abin da aka bar wa kowa ba mai yi. A gidanmu kowa ya ɗauka wani ya kai wa Gwaggo. A ware mutum ɗaya, jika ko suruka ko ɗa, a ce wannan aikinka ne har damina ta sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar lita biyu zuwa uku a yini lokacin tsananin zafi. Ledar ruwan da muke saya rabin lita ce, ke nan leda huɗu zuwa shida. Ba a tashi ɗaya za a ɗura masa ba, tsoho ba ya iya wannan. A bi da shi ta lokutan da ya riga ya saba: kofi ɗaya da asuba, ɗaya da karin kumallo, ɗaya da hantsi, sannan bayan kowace salla da kowane abinci. Kuma kada a ajiye a tafi. A zauna, a ɗan taɓa hira, har a ga ƙasan kofin. Ruwan randa mai tsabta ya wadatar, ba sai na firji ba. Wanda ruwa zalla ke gundura, akwai farau-farau da kunun tsamiya da kunun zaƙi da fura mai ruwa-ruwa da kankana da gurji, sai dai a yi hattara da sukari ga mai ciwonsa, kuma kada a ba tsoho abin da ya wuni a buɗe, don a bazara abinci ba ya jimawa yake lalacewa, gudawar kwana ɗaya kuwa tana iya kwantar da shi. Mutum ɗaya ne wannan lissafi bai shafa ba: wanda likita ya iyakance wa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda. Shi a koma wurin likitan a tambayi adadin da ya dace da shi a wannan yanayi. Hanyar gane ko ruwan ya isa kuwa ita ce fitsari. Idan ya yi kaɗan, ya yi duhu kamar ruwan shayi, jiki yana bin bashi.

Tunda zancen fitsari ya zo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai tsofaffi da yawa da suke ƙin ruwa da gangan, kuma kunya ba za ta bar su su faɗi dalili ba. Dattijon da fitsari ke tashinsa sau biyar a dare. Tsohuwar da in ta yi tari sai ya zubo mata, ga ta tana son alwalar azahar ta kai ta isha'i. Mai ciwon gwiwar da tsugunno ya zame masa azaba, ga masai can ƙarshen gida, ga duhu. Irin waɗannan lissafinsu ɗaya ne, in ban sha ba ba zan tashi ba. Uwar miji ba za ta taɓa buɗe baki ta gaya wa surukarta wannan ba, uba ma ba zai gaya wa 'yarsa ba. Mu ne za mu gane ba tare da an faɗa ba. A ajiye fo mai murfi a ɗaki, a riƙa zubarwa ba tare da an ɗaga murya ko an ɓata fuska ba. A sa kafinta ya yi kujerar zama a masai. A ba shi tocila. A tura yawancin ruwan zuwa safe da rana, a rage bayan magariba. Batun alwala kuma, fiƙihu ya yi wa mai wannan larura sauƙi, a nemi malami ko malama su yi musu bayani a keɓe. Sannan ita kanta larurar a kai ta asibiti, da yawa tana da magani.

Sai maganar ƙwayoyi, wadda ta fi ba ni tsoro don ba a cika kawo ta ba. Da wuya ka sami gidan da babu tsoho mai shan maganin hawan jini, kuma wasu daga cikin waɗannan magunguna, irin su Lasix da Moduretic, aikinsu ke nan su fitar da ruwa ta fitsari. A bazara, ga gumi, ga ƙarancin sha, ga ƙwaya tana tatsar abin da ya rage, jini kan sauka ƙasa sosai. Tsoho ya miƙe daga tabarma jiri ya kwashe shi, ya faɗi a ƙofar banɗaki ƙugu ya karye, kuma kowa ya san tsohon da ƙugunsa ya karye da wuya ya sake takawa kamar da. Kada wanda ya ji wannan ya je ya hana Baba maganinsa, domin yanke maganin hawan jini da ka shi ma hanyar shanyewar jiki ce. A tattara duk abin da yake sha a leda, har da na gargajiya, a kai wa likita tun farkon zafi a ce, “Likita, ga abin da yake sha, ga bazara ta shigo, akwai abin da za a sauya?” Haka magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ko a farantin masu talla, diclofenac da ibuprofen da haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna. Idan suka tarar da jiki a bushe, ƙoda suke ci. Tsohuwar da ke haɗiyar su safe da yamma a watan Afrilu ba ruwan kirki, hanyar wankin ƙoda ta kama, wanda kowa ya san ya fi ƙarfin aljihun talaka. Jiƙon wankin ciki irin su filasko, da wasu ke sha wai don a fitar da zafi, ruwan da ya rage a jiki yake fitarwa. A ɗaga wa tsoho ƙafa.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ya sani zafi yana kashe ƙarfinta. In babu firji, ko akwai amma babu wuta, dabarar tana hannunmu: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Wani malami a Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan a ƙauyuka don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa allurar a roba mai murfi a ajiye a ciki.

Yanzu mu leƙa ɗakin. Kakanninmu da suka yi katangar ƙasa mai kauri, suka yi rufin azara, suka bar ceɗiya ko durumi a ƙofar gida, sun san ƙasar da suke zaune. Mu muka zo muka rushe, muka ɗora bulo da kwano, muka sare itacen don a fitar da shago, muka malale tsakar gida da siminti. Kwano ya wuni yana gasa na ƙarƙashinsa, bulo ya sha rana ya kwana yana amayar da ita. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a wajen rabon ɗaki, mai iska da fanka na maigida ne ko na amarya, tsohuwa tana can ƙurya jikin madafa. Wata uku ne kawai. Me zai hana a yi musaya har ruwa ya sauka? In hakan ba zai yiwu ba, a yi silin ko da na tabarma ne ko kwali. A shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwanon. A kafa rumfa a jikin bangon da ranar yamma ke duka. A cire abin da aka toshe taga da shi, a rufe ta da rana in tana fuskantar rana, a buɗe da dare. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutum sama da dubu, hukuma ta fito da shirin tunkarar zafi a 2013, daga baya har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti don ya mayar da hasken rana. Farar ƙasa ba ta fi ƙarfinmu ba.

Fanka tana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka ƙara ɗumama jiki take yi. Abin da ke aiki shi ne ruwa da iska tare: a jiƙa tawul a goge wuya da hannuwa da ƙafafu, ko a yayyafa wa riga ruwa, sannan a yi fifita. A watsa ruwa sau biyu ko uku a yini, da kujera 'yar tsugunno a banɗaki don gudun santsi. Babbar riga mai sitaci da hijabin roba mai kauri su jira damina, yanzu lokacin yadin auduga ne mara nauyi, da malafa ko lema in za a fita. Da dare in za a kwana a waje, a ɗaura gidan sauro, a kakkaɓe shimfiɗa da takalmi, don bazara lokacin kunama ce. Janareta kuma a nesanta shi daga taga da ƙofa, iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kisa.

Na zo inda dole in taka a hankali, wato ibada. Babu abin da ya fi wuya kamar ka ce wa tsoho ya sha azumi. Amsar a shirye take: “Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban taɓa sha ba, sai yanzu da na kusa kabari?” Wannan himma abar girmamawa ce. Amma Allah da Kansa ya yi rangwame ga mara lafiya da wanda azumi ya fi ƙarfinsa, a cikin Suratul Baƙara, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta kawo hukuncin tsohon da ya kasa: ya sha, an so ya ciyar da mudu ɗaya na Annabi a madadin kowace rana. Ramadan yana matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, yana nufar lokacin sanyi, amma ya bar Sitta Shawwal da ramuwa da azumin Litinin da Alhamis a tsakiyar wuta. Maganar ɗa ko jika ba ta cika shiga kunnen tsoho a nan ba, ta liman ce ke shiga. Malamai, ku taimake mu. Ku faɗa a kan mumbari da wurin tafsiri, da Hausa ƙarara, cewa karɓar rangwame ba raunin imani ba ne. Ku tuna wa mutane cewa ya tabbata a Muwaɗɗa da Bukhari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta azahar idan zafi ya tsananta. Addinin da ya ɗaga lokacin salla saboda zafi ba zai so tsoho ya halaka kansa da nafila ba.

Ranar Juma'a a dubi sahun waje. Dattijon da ƙafa ta sa ya makara yana kan kwalta da ƙarfe biyu na rana, samari suna ciki ƙarƙashin fanka. Ɗan'uwa matashi, tashi ka ba shi wurin. Haka jana'iza. Mukan ga tsofaffi suna jan ƙafa zuwa maƙabarta da tsakar rana, su tsaya a fili ba inuwa har a gama, domin abokin ƙuruciya ne aka rasa. Wanda ya sallaci gawa ya sami lada, in ba zai iya rakiya ba a zaunar da shi, in ya nace a sa shi a mota, a riƙa masa lema, a tafi da ruwa. Mawadatan da ke neman sadaka mai gudana, rumfa da randa da itatuwa a maƙabarta suna jiranku. Masu kai iyaye aikin Hajji kuma su tuna 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai 1,301, mafi yawansu waɗanda suka je ba izini, suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Kada a kai tsoho ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya je bisa ƙa'ida ma, in ƙarfi ya gaza, ya wakilta wani ya yi masa jifa.

Ba kowane tsoho ne yake da gatan zama a inuwa ba. Akwai mai gadi a 'yar bukkar kwano, akwai mai faskare, akwai tsohuwa mai tuyar ƙosai da ke tsakanin wutar sama da ta ƙasa, akwai manomin da ke sharar gona a watan Mayu don 'ya'yan sun tafi birni. Wanda yake da tsoho a ƙarƙashinsa ya mayar da aikin ƙarfi zuwa sassafe da bayan la'asar, ya ajiye masa tulu. Ofisoshin da ke tara 'yan fansho tantancewa, da bankuna, da masu rabon tallafi, ku ji tsoron Allah. Mutumin da ya yi wa ƙasa aiki shekara talatin da biyar bai cancanci ya wuni a layi cikin rana don ya tabbatar yana raye ba. Rumfa da benci da ruwa ba su kai kuɗin man motar oga na mako ɗaya ba.

Idan kuma abin ya riga ya faru, a san matakinsa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, murɗawar ƙafa, wannan galabaita ce. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jiki, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Na fakiti da ake sayarwa a kemis ya fi, in babu a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In rabin awa ta wuce bai dawo daidai ba, sai asibiti. Amma da zarar tsoho ya fara sambatu, ko ya kasa gane mutane, ko ya suma, ko yana jijjiga, ga jiki zafi zau, to rai ne a hannun Allah, kuma kowane minti yana da tsada. Kada a ce ruɗewar tsufa ce, ruɗewar tsufa ba ta zuwa a wuni ɗaya. Kada a yi hayaƙi, kada a lulluɓe. A kwarara masa ruwa, a yi ta fifita, a sa tsumma mai sanyi a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma ya ruga neman abin hawa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, zai shaƙe; a kwantar da shi ta gefe. Panadol ba ya sauke irin wannan zafi. A ci gaba da jiƙa shi a cikin a-daidaita-sahu har ƙofar asibiti, can ne za a tantance ko zafi ne ko zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, wanda shi ma lokacinsa ne. Addu'a a yi ta a hanya, ba ta hana gudu.

A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, galibinsu 'yan sama da shekara 75, da yawa su kaɗai a ɗaki, wasu a saman benayen Paris ƙarƙashin rufin kwano. Har aka sami gawarwakin da ba wanda ya zo nema. Bayan nan aka wajabta wa ƙananan hukumomin ƙasar buɗe rajistar tsofaffin da ke zaune su kaɗai, don a riƙa tuntuɓarsu idan zafi ya tsananta. Mukan ji irin wannan labari mu ce Allah ya kiyaye, mu ai ba ma yar da tsofaffinmu. A da haka ne. Yau ka zaga unguwarku ka ƙirga gidajen da 'ya'ya suka tafi Legas da Abuja da Agadas da Libiya, aka bar tsohuwa da jika 'yar shekara takwas. Ka ƙirga tsofaffin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu suna kwana a kangon gini. Kuɗin da ake turowa ta waya yana da amfani, amma ba ya ɗaukar kofi ya kai bakin mutum. Gwaggona ma da ba ita kaɗai ba ce, mutum goma sha muke a gidan, ga abin da ya faru.

Mu ba ma bukatar doka kafin mu yi abin da Faransa ta yi. Mai unguwa ya san kowane gida, liman da fasto sun san wanda ya daina fitowa. A rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai kula da su, a raba wa 'yan agaji da ƙungiyoyin matasa da matan Islamiyya, kowa da gidan da zai leƙa da hantsi da kuma la'asar, tunda zumunta a ƙafa take. Gidajen rediyo su riƙa karanta gargaɗin zafi na hukumar hasashen yanayi ta NiMet da Hausa, safe da yamma, yadda suke karanta sanarwar ɗaurin aure. Mai sola ko mai firji a unguwa ya tuna da tsohuwar maƙwabta da ƙanƙara ɗaya. Wanda ya sare itace ya dasa biyu da damina, ko darbejiya ce.

Ku kuma iyayenmu, ina roƙonku da girman Allah, idan jika ya kawo ruwa ku karɓa ku sha ko ba ku ji ƙishi ba. Idan kun ji jiri ko fitsari ya ragu ku faɗa, ba ɗora wa kowa nauyi kuka yi ba. Muna bukatar albarkarku da addu'arku a gidajen nan.

Kai da ka karanta wannan, in akwai tsoho a gidanku ko a maƙwabta, yau da azahar ka shiga ɗakinsa ka tsaya minti biyar ka ji abin da yake ji. Ka duba tagar, ka duba kofin, ka cika shi, ka zauna har ya sha. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai mu damina tare da su.